Tarihin Giambattista Bodoni, maƙerin haruffan da suka zama tambarin ƙawa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗaya daga cikin manyan mujallun kayan ado na Turai da Amurka, ko ya duba sunan da aka rubuta a jikin kwalbar turare mai tsada, da wuya a ce bai ci karo da wani irin rubutun boko ba, wanda tsayayyun layukansa ke da kauri, kwantattun kuma sirara kamar silin gashi. Wannan salon rubutu yana da alaƙa ne da sunan wani ɗan ƙasar Italiya, Giambattista Bodoni, wanda ya shafe shekaru 45 a ƙaramin birnin Parma yana sassaƙa haruffa a kan ƙarfe, yana kuma buga littattafai domin sarakuna da fadawansu. An yi masa kirari da sarkin masu ɗab'i kuma mai ɗab'in sarakuna. To sai dai tun yana raye ake tafka muhawara a game da aikin nasa, inda wasu ke ganin cewa littattafansa sun fi dacewa da kallo a kan karatu, muhawarar da har yanzu take bin haruffansa duk inda suka shiga.

Daga Saluzzo zuwa birnin Rum

An haifi Bodoni ne a cikin watan Fabrairu na shekara ta 1740 a garin Saluzzo da ke gindin tsaunukan Alps, a yankin Piedmont na arewa maso yammacin Italiya. A wancan zamani Italiya ba ta zama dunƙulalliyar ƙasa ba tukuna. A rarrabe take tsakanin masarautu da ƙananan dauloli, kuma garin Saluzzo yana ƙarƙashin gidan sarautar Savoy ne. Mahaifinsa, Francesco Agostino Bodoni, mai sana'ar ɗab'i ne, haka ma kakansa, saboda haka yaron ya buɗe ido ne a tsakanin akwatunan haruffan dalma da warin tawada. Tun yana ƙarami ya nuna gwaninta wajen sassaƙa zane a kan katako, irin wanda ake shafa wa tawada a buga a jikin takarda.

A shekara ta 1758, yana ɗan shekaru 18, ya kama hanyar birnin Rum, yana sayar wa masu ɗab'i na garuruwan da ya ratsa zane-zanensa na katako domin samun guzuri. A can ne ya samu aiki a maɗaba'ar wata hukuma ta fadar Paparoma da ake kira Propaganda Fide, wadda ke buga littattafai a cikin harsunan Gabas domin aika wa ƙasashe masu nisa. Wannan maɗaba'a ta mallaki tarin haruffan Larabci da Ibrananci da Kibɗanci da Armeniyanci da sauransu, wasunsu an sassaƙa su tun ƙarni na 16, amma da yawa sun yi tsatsa kuma sun cakuɗe da juna. Ɗaya daga cikin ayyukan da aka ɗora wa matashin shi ne ya tsaftace waɗannan ƙarafa ya kuma jera su bisa tsari. A wajen wannan aiki ne ya ga yadda magabata suka sassaƙa harafi, kuma sha'awar yin nasa ta kama shi.

Shugaban hukumar, Kadinal Giuseppe Spinelli, da mai kula da maɗaba'ar, Costantino Ruggieri, sun lura da hazaƙarsa, suka tura shi jami'ar Sapienza domin ya koyi Ibrananci da Larabci gwargwadon abin da zai ishe shi jera haruffansu ba tare da kuskure ba. Ya yi aiki a kan littattafan ibada na Kibɗawan Masar waɗanda aka buga cikin Kibɗanci da Larabci, da kuma wani babban littafi a kan rubutun mutanen Tibet da ya fito a shekara ta 1762. Aikin nasa ya gamsar da iyayen gidansa har suka amince a sa sunansa da na garinsu a jikin littafi, abin da ba kasafai ake yi wa ma'aikaci mai ƙarancin shekaru irinsa ba.

Bayan mutuwar waɗannan iyayen gida biyu, zaman Rum ya fita daga ransa. A shekara ta 1766 ya tashi da niyyar zuwa Ingila, inda sunan John Baskerville na birnin Birmingham ya riga ya yi tashe a fagen ɗab'i. Ya biya ta Saluzzo domin sallamar iyayensa, sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, tafiyar da bai yi ba ke nan.

Yadda ake ƙera harafi

Kafin a fahimci abin da Bodoni ya yi, ya kamata a san yadda ake samar da haruffan ɗab'i a wancan lokaci. Maƙeri zai ɗauki wata 'yar sandar ƙarfe wadda tsawonta bai wuce na yatsa ba, ya yi ta gurzar bakinta da magagari da ƙananan wuƙaƙen sassaƙa har sai siffar harafi guda ta fito a juye, kamar yadda ake gani a jikin hatimi. Lokaci zuwa lokaci yakan kanga bakin ƙarfen a kan harshen wutar kyandir domin ya ɗauki baƙin hayaƙi, sa'an nan ya danna a takarda ya ga inda gyara ya rage. Idan ya gamsu sai ya gasa ƙarfen ya tsoma a ruwa domin ya yi tauri, ya kafa shi a kan guntun tagulla ya buga da guduma. Ramin da ya fito a jikin tagullar shi ne mazubi, kuma a cikinsa ake zuba narkakkiyar dalma da aka gauraya da kuza da wani ma'adini mai suna antimoni, a riƙa fitar da haruffa ɗaya bayan ɗaya.

Kowane babban baƙi da ƙarami, kowace lamba da kowace alamar rubutu suna buƙatar nasu hatimin ƙarfen. Haka nan kuma babu wata dabarar ƙara girman harafi ko rage shi. In ana son wannan salo a girma dabam, tilas ne a koma farko a sake sassaƙa komai da hannu. Yawancin masu ɗab'i ba su shiga wannan wahala, saye suke yi daga masu zubi. Bodoni yana daga cikin 'yan ƙalilan da suka haɗa dukkan matakan a hannunsu, daga sassaƙa har zuwa zaɓen takarda da haɗa tawada.

Kiran fadar Parma

Yana cikin murmurewa a Saluzzo ne kira ya zo masa daga Parma. Wannan ƙaramar daula tana hannun wani reshe ne na gidan sarautar Bourbon, dangin sarakunan Faransa da Spaniya. Mai sarautar, Ferdinando, matashi ne, saboda haka ragamar mulki tana hannun wazirinsa, wani Bafaranshe mai suna Guillaume du Tillot, wanda ya ɗauri aniyar mayar da Parma cibiyar ilimi da fasaha. An riga an kafa ɗakin karatu na fada da makarantar zane-zane, abin da ya rage shi ne maɗaba'ar da za ta yi gogayya da ta sarkin Faransa. Shugaban ɗakin karatun, Paolo Maria Paciaudi, wanda ya san Bodoni tun a Rum, shi ne ya ba da sunansa.

A farkon shekara ta 1768 Bodoni ya isa Parma yana ɗan shekaru 28, aka ba shi wurin aiki da na kwana a cikin katafaren ginin fada da ake kira Pilotta. Da yake ba shi da haruffan kansa tukuna, sai aka yi odarsu daga birnin Paris wajen Pierre-Simon Fournier, wanda shi ne kan gaba a wannan sana'a a Faransa. Babban aikinsa na farko shi ne littafin bikin auren Ferdinando da gimbiya Maria Amalia ta Ostiriya, wanda aka yi a shekara ta 1769. Ba da jimawa ba ya kafa gidan zubi na kansa tare da taimakon ɗan'uwansa Giuseppe, kuma a shekara ta 1771 ya fitar da kundinsa na farko na samfurin haruffa da zayyana. Duk wanda ya san aikin Fournier zai ga cewa Bodoni ya kwaikwaye shi sosai a wannan kundi, har da yawan ado a gefen shafi.

Abin da ya fara fito da sunansa a Turai shi ne ilimin da ya kwaso daga Rum. A shekara ta 1775, albarkacin auren yariman Piedmont da wata gimbiyar Faransa, ya buga wani kundin taya murna a cikin harsuna 25, kowanne da irin rubutunsa. A shekara ta 1782 sarkin Spaniya, Carlos na uku, ya naɗa shi mai ɗab'in fadarsa. Benjamin Franklin na Amurka, wanda shi ma tsohon mai ɗab'i ne, ya rubuto masa wasiƙar yabo daga birnin Philadelphia a shekara ta 1787. Manyan baƙin da suka ratsa ta Parma, har da masu sarauta, sukan nemi a kai su su ga maɗaba'ar kamar yadda ake kai su ganin zane-zanen majami'un birnin. A shekara ta 1788 ya fitar da kundin da ya sa wa suna Manuale Tipografico, mai ɗauke da nau'i ɗari na tsayayyun haruffan boko da nau'i hamsin na karkatattu, ban da na Girkanci.

Kauri da siranta

Haruffan da aka saba bugawa da su a Turai tun ƙarshen ƙarni na 15, irin na Aldus Manutius na Venice da Claude Garamond na Paris, sun ɗauko siffarsu ne daga rubutun hannu. Alƙalamin marubutan wancan zamani mai faɗin baki ne, kusan irin alƙalamin karan da ake fiƙewa a makarantun allo, kuma a karkace ake riƙe shi. Dalili ke nan da ya sa kaurin harafi kamar o ya ɗan jirkice zuwa gefe, bambancin da ke tsakanin layi mai kauri da siriri kuma bai yi yawa ba. 'Yan ƙafafun da ke ƙarshen kowane layi, waɗanda masu sana'ar ke kira serif, suna haɗuwa da jikin harafin ne a lanƙwashe, kamar yadda reshe ke fitowa daga itace.

A ƙarni na 18 abubuwa suka fara sauyawa. Alƙalami mai tsinin baki ya yaɗu, wanda ke ba da layi siriri idan an ja shi sama, ya kuma buɗe ya ba da kauri idan an danna shi ƙasa. Masu zane a kan farantin tagulla su ma sun saba wa idon jama'a da layuka masu tsananin laushi. A Ingila Baskerville ya ƙara bambancin kauri da siranta a haruffansa, kuma littafinsa na waƙoƙin Virgil na shekara ta 1757 yana daga cikin na farko da aka yi amfani da sabuwar takarda mai santsi wajen buga su. Wannan takarda tana da muhimmanci ƙwarai, domin tsohuwar takarda tana da gurji-gurjin wayoyin da aka tace ta a kansu, kuma siririn layi ba ya fita sosai a kanta. A shekara ta 1784 wani matashi ɗan gidan masu ɗab'i na Paris, Firmin Didot, ya sassaƙa haruffan da masana da dama ke ɗauka a matsayin na farko a wannan sabon salo.

Ke nan Bodoni ba shi ne ya fara ba. Abin da ya yi shi ne ya bi wannan hanya har ƙarshenta, sannu a hankali, cikin shekaru masu yawa. A haruffansa na baya-baya kaurin yana tsaye cak daga sama zuwa ƙasa, kwantattun layuka sun zama sirara ainun, 'yan ƙafafun kuma sun miƙe sambal kamar an ja su da rula, yayin da baƙaƙe irin su a da c da r suka ƙare da ɗan ɗigo zagayayye. Ya kuma kawar da yawancin adon da ya gada daga Fournier. Shafinsa ya zama baƙar tawada mai ƙarfi a kan farar takarda, da fili mai faɗi a gefe da tazara tsakanin layuka. Yakan yi ta gwada shafin farko na littafi sau da yawa, yana matsar da layi sama ko ƙasa, kafin ya amince a buga.

Akwai kuma wani sirri da masu kwaikwayonsa na baya suka yi watsi da shi. Da yake kowane girma da hannu ake sassaƙa shi, Bodoni yakan rage tsananin bambancin a ƙananan haruffa, ya ƙara wa siraran layukan ɗan kauri domin kada su ɓace wa ido. Sirantar da ta kai ta silin gashi a manyan haruffa ne kawai yake barinta.

Maɗaba'ar kansa da gogayya da gidan Didot

Duk da sunan da ya yi, Bodoni ma'aikacin fada ne, kuma yawancin abin da ake kawo masa ya buga sanarwar hukuma ce da waƙoƙin bukukuwa. Jakadan Spaniya a Rum, José Nicolás de Azara, mai sha'awar adabin da, ya yi masa tayin ya koma Rum ya buga manyan littattafan Latin da Girkanci a kan kuɗinsa. Don gudun kada a rasa shi, Ferdinando ya ba shi izini a shekara ta 1791 ya buɗe maɗaba'ar kansa a gefen ta gwamnati. A wannan shekarar ce kuma, yana da shekaru 51, ya auri Margherita Dall'Aglio, wadda ya girme wa da shekaru 18. Ita ce ta riƙa taimaka masa da tarin wasiƙun da ke zuwa daga sassan Turai, ta kuma yi jinyarsa a lokutan da ciwon gaɓoɓi ya tasar masa.

Daga nan ne littattafan da suka fi ɗaukaka sunansa suka fara fitowa. Ya buga waƙoƙin Horace a shekara ta 1791 da na Virgil a shekara ta 1793, haka kuma ya buga wa wani mai sayar da littattafai na birnin Landan labarin nan na Horace Walpole mai suna The Castle of Otranto cikin Ingilishi. Manya-manyan kundaye ne masu tsada, ana buga kofi kaɗan, kuma masu sayensu sarakuna ne da attajirai masu tara littattafai.

A nan ne sukar ta kunno kai. 'Yan gidan Didot, waɗanda su ma suka buga nasu Virgil a shekara ta 1798, sun bi na Bodoni layi-layi suka fito da kurakuran rubutu da dama, suka kuma bayyana su ga jama'a. Sukar ta yi masa zafi domin akwai gaskiya a cikinta. Gidan Didot gida ne na malamai masu tace nassi, shi kuwa Bodoni hankalinsa ya fi karkata ga yadda shafi zai fito, kuma bai ko da yaushe yake samun ƙwararrun masu duba kuskure ba. Malaman jami'a da ke son ingantaccen nassi sun ci gaba da neman wasu bugu, masu tara kayan ƙawa kuma suka ci gaba da rububin nasa.

Wata taƙaddamar kuma a cikin gida ta taso. 'Yan gidan Amoretti, maƙera daga ƙauyen San Pancrazio da ke kusa da Parma, sun daɗe suna yi masa aikin ƙarfe. A wajejen shekara ta 1791 suka raba gari da shi suka kafa nasu gidan zubi, inda suka riƙa sayar da haruffa masu kama da nasa. Yawan hatiman da ya bari ya sa masu bincike na wannan zamani ke ganin cewa hannun mataimaka irinsu ya shiga aikin fiye da yadda aka saba faɗa.

Zamanin Napoleon

A shekara ta 1796 sojojin Faransa ƙarƙashin Napoleon Bonaparte suka kutsa arewacin Italiya, kuma bayan mutuwar Ferdinando a shekara ta 1802 Parma ta koma hannun Faransawa. Bodoni bai sha wahalar sauya uban gida ba, domin sababbin masu mulkin suna son irin salonsa mai kama da gine-ginen tsohuwar daular Rum. Lokacin da Napoleon ya zo Parma a shekara ta 1805 ya nemi ganinsa, amma ciwon gaɓoɓi ya hana shi tashi daga gado.

A wannan shekarar ce maɗaba'ar gwamnatin Faransa ta buga wa Paparoma Pius na bakwai addu'ar nan ta Kiristoci da aka fi sani da Addu'ar Ubangiji a cikin harsuna 150. Shugaban maɗaba'ar, Jean-Joseph Marcel, shi ne ya kula da injin ɗab'in da Napoleon ya kai Masar a shekara ta 1798, kuma wasu daga cikin haruffan Larabcin da aka yi aiki da su a can an kwaso su ne daga maɗaba'ar Propaganda Fide, wato inda Bodoni ya yi koyon aiki. A kan hanyarsa ta komawa Rum, Paparoman ya gana da Bodoni a Parma ya ƙarfafa masa gwiwa ya yi irin wannan aiki. A shekara ta 1806 Bodoni ya fitar da nasa a cikin harsuna 155, kuma a shekarar ce ya samu lambar yabo ta zinariya a baje kolin kayan masana'antu na birnin Paris, garin abokan hamayyarsa.

Aikin da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar fasaharsa shi ne Iliad, doguwar waƙar Homer, wadda ya buga cikin Girkanci a juzu'i uku a shekara ta 1808, ya kuma sadaukar ga Napoleon. An buga kofi biyu a kan fata, aka miƙa wa sarkin ɗaya a shekara ta 1810, shi kuma ya yanka masa fansho na faran dubu uku a shekara. Surukin Napoleon, Joachim Murat, wanda ke sarautar Naples, shi ma ya ba shi aikin buga fitattun littattafan Faransanci domin karatun ɗansa.

Rasuwarsa da aikin da matarsa ta kammala

Bodoni ya rasu a birnin Parma a ƙarshen watan Nuwamba na shekara ta 1813, yana da shekaru 73, aka kuma binne shi a babbar majami'ar birnin. Bai bar 'ya'ya ba. Ya mutu ya bar wani aiki da ya shafe shekaru yana shiryawa, wato sabon kundin da zai tattara duk haruffan da ya ƙera a rayuwarsa, kuma da a ce matarsa ta sayar da kayan ta huta, da abin da duniya ta sani game da shi bai kai haka ba.

Margherita ta karɓi ragamar maɗaba'ar. Ta fara da kammala littattafan Faransancin da aka yi wa Murat alkawari, sa'an nan tare da shugaban ma'aikata, Luigi Orsi, ta shafe kusan shekaru biyar tana tattara kundin. A shekara ta 1818 Manuale Tipografico ya fito a juzu'i biyu, kofi kimanin 250 kacal. Ya ƙunshi nau'i 142 na haruffan boko tare da karkatattunsu, da haruffan Girkanci da Rashanci da Larabci da Ibrananci da na wasu harsunan Gabas masu yawa, da zayyana fiye da dubu, har da alamomin rubuta kiɗa. A gabatarwar da ya rubuta kafin mutuwarsa, Bodoni ya bayyana cewa kyawun harafi yana tsayuwa ne a kan abubuwa huɗu, wato daidaito tsakanin baƙaƙe, da tsafta wajen sassaƙa da zubi, da iya zaɓe, da kuma wani armashi da ke sa rubutu ya zama kamar an yi shi cikin natsuwa ba tare da tilas ba.

Margherita ta riƙe kayan aikin har zuwa mutuwarta a shekara ta 1841. A shekara ta 1843 mai sarautar Parma ta lokacin, Marie Louise, wadda tsohuwar matar Napoleon ce, ta saye su ta ajiye a ɗakin karatu na fada.

Abin da ya biyo baya

A cikin ƙarni na 19 salon Bodoni da Didot ya mamaye maɗaba'un Turai da Amurka, amma ba a hannun da ya dace ba. Injinan ɗab'i masu sauri da takarda mai araha sun sa siraran layukan suna karyewa ko su dusashe, sai shafi ya zama tamkar jerin sanduna baƙaƙe masu ɗaukar ido. A Ingila kuma masu zubi irin su Robert Thorne suka ƙara wa layukan kauri fiye da kima domin allunan talla da takardun sanarwa, wanda shi ne mafarin haruffan da aka ƙera musamman domin jan hankali daga nesa. Zuwa ƙarshen ƙarnin, mai zane kuma mai ɗab'in nan na Ingila, William Morris, ya yi kaca-kaca da haruffan Bodoni, yana mai ganinsu a matsayin munana masu gajiyar da ido, ya kuma koma ga salon ƙarni na 15.

Ƙarni na 20 ne ya sama musu gurbin da suke ciki har yau. Morris Fuller Benton ya sake zana su domin wani babban kamfanin zubi na Amurka a wajejen shekara ta 1910, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt a Jamus kuma ya fitar da nasa a shekara ta 1926. Takardar mujalla mai sheƙi ta iya ɗaukar layin da takardar jarida ba ta iyawa, kuma a babban girma sirantar da ke wahalar da mai karatu sai ta koma abin sha'awa. Alexey Brodovitch, wanda ya jagoranci tsara shafukan mujallar Harper's Bazaar daga shekara ta 1934 zuwa 1958, ya mayar da irin waɗannan haruffa alamar mujallar. Sunan mujallar Vogue da ke bangonta shi ma da wannan salo ake rubuta shi, haka ma tambarin gidan ɗinkin Giorgio Armani. A shekara ta 1954 wani masani Bafaranshe, Maximilien Vox, ya raɗa wa wannan rukunin haruffa suna Didone, inda ya haɗa sunayen Didot da Bodoni, mutanen da suka yi zaman hamayya, a cikin kalma guda.

Zuwan kwamfuta ya sake fito da tsohuwar matsalar, domin ana ɗaukar zane guda a ƙara shi ko a rage shi yadda aka ga dama, kuma harafin da ya yi kyau a bangon mujalla yakan ɓace idan aka mayar da shi ƙarami a fuskar waya. A shekara ta 1994 wasu masu zanen haruffa ƙarƙashin jagorancin Sumner Stone, bayan sun je Parma sun nazarci aikin asali, suka fitar da ITC Bodoni a nau'i uku, na ƙananan rubutu da na matsakaici da na kanun labarai, wato suka koma ga dabarar da Bodoni ya yi aiki da ita da magagari. Mai son rubuta kanun Hausa da wannan salo kuma yakan tarar da cewa da yawa daga cikin samfuran da ke cikin kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko a shekarun 1930, fiye da ƙarni guda bayan mutuwarsa.

A lokacin yaƙin duniya na biyu, a shekara ta 1944, bama-bamai sun rushe wani ɓangare na ginin Pilotta, amma kayan aikin Bodoni sun tsira. A shekara ta 1963, shekaru 150 bayan rasuwarsa, aka buɗe gidan tarihi mai ɗauke da sunansa a cikin wannan gini da ya yi aiki a cikinsa. A can ake ajiye da hatiman ƙarfe sama da dubu 20 da mazubai sama da dubu 40, tare da littattafansa da dubban wasiƙun da aka aiko masa.